Haƙƙin mallakar fasaha a matsayin jari: abin da doka ta tanada da yadda ya shafi kayan Taraba

Haƙƙin mallakar fasaha shi ne ikon da doka ke ba mutum ko kamfani a kan abin da basirarsa ta samar, kamar littafi, waƙa, zane, sabuwar na'ura, ko suna da tambarin da ake gane hajarsa da su. Ba a ganinsa da ido kamar fili ko mota, amma a wurin doka dukiya ce: ana sayar da shi, ana ba da shi haya, ana gadonsa, kuma yana iya salwanta idan aka yi sakaci da shi. Duk wanda ya taɓa shiga shago a Jalingo ya nemi ganyen shayin Highland da sunansa, ya ƙi karɓar wani a madadinsa, ya san darajar wannan dukiya ko da bai san sunanta ba. Ganyen ana noma shi ne a Kakara, a kan tsaunin Mambila cikin ƙaramar hukumar Sardauna, inda aka kafa gonar shayin tun shekarun 1970, kuma kamfanin Mambilla Beverages ne ke sarrafa shi. Gona da injina kadara ce, haka ma sunan da ke jikin kwali.

Dokoki da hukumomi

Haƙƙin mawallafa yana ƙarƙashin dokar 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ta ƙunshi rubuce-rubuce, kiɗa da waƙa, zane-zane, fina-finai da sautin da aka naɗa. Ba sai an yi rajista ba, domin haƙƙin yana tabbata da zarar an rubuta aikin ko an naɗe shi, sai dai Hukumar Kare Haƙƙin Mawallafa ta Nijeriya tana da kundin da mutum zai iya shigar da aikinsa don ya zama masa hujja. Littafi ko waƙa na samun kariya tsawon rayuwar mai shi da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Fim da naɗaɗɗen sauti kuwa shekara 50.

Tambarin kasuwanci yana ƙarƙashin dokar 1965. Ofishin rajistarsa yana Abuja, a Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Rajistar farko ta shekara 7 ce, daga nan ana sabuntawa duk bayan shekara 14 ba tare da iyaka ba. Ana yin rajistar ne aji-aji, kuma azuzuwan 45 ne. Shayi, kofi, shinkafa da zuma duk suna aji na 30. Kafin a ba da takardar shaida ana wallafa tambarin a mujallar ofishin, a ba duk mai ja wata biyu ya gabatar da ƙorafinsa.

Sabuwar ƙirƙira da siffar kaya kuwa dokar 1970 ce ke kula da su. Ƙirƙira na samun shekara 20 idan ana biyan kuɗin shekara-shekara, siffa kuma shekara 5 da za a iya sabuntawa sau biyu. A 2021 aka ƙara dokar kare sababbin irin shuka. Shari'o'in duk waɗannan haƙƙoƙi Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraronsu, kuma tana da reshe a Jalingo.

Inda ƙananan 'yan kasuwa suka fi tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar takardar hukumar CAC a matsayin mallakar suna. Wannan takarda tana tabbatar da cewa akwai kasuwanci mai suna kaza, ba ta ba mai ita ikon hana wani buga sunan a jikin buhu ko kwalba. Mai casar shinkafa a Jalingo na iya shafe shekaru yana gina suna a jikin buhunsa, wani ya riga shi kai sunan ofishin rajistar tambari. Gaskiya ne doka ta bar wa wanda ya fara amfani da suna hanyar kare kansa, har da ƙarar mai kwaikwayon kayansa, amma sai ya kawo shaidar cewa jama'a sun san kayan da wannan suna. Shari'a ce mai tsada da jan lokaci, kuɗin rajista bai kai kusa da ita ba.

Akwai kuma batun wanda ya zana tambarin. Dokar 2022 ta ce haƙƙi na wanda ya yi aikin ne tun farko, sai idan yarjejeniya ta faɗi akasin haka, kuma miƙa haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Ke nan wanda ya biya wani matashi ya zana masa tambari a kwamfuta, ba tare da takarda ba, yana iya wayar gari ya tarar zanen ba nasa ba ne. Takarda ta layi biyar da sa hannun ɓangarorin biyu ta isa ta rufe wannan ƙofa.

Masu ƙirƙira nasu tarkon daban ne. Sharaɗin kariya shi ne abin ya kasance sabo, bai fita ga jama'a ba kafin a shigar da takardun neman rajista. Malami a Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo ko Jami'ar Tarayya ta Wukari da ya ƙera injin ɓare gyaɗa, sannan ya wallafa bayaninsa ko ya sa bidiyonsa a Facebook, da hannunsa ya rushe sabuntar. A fara da rajista, wallafa ta biyo baya. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike wajen neman wannan rajista, kuma ita ce ke rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga ƙetare.

Tambarin da aka yi wa rajista aka jingine shi shekara 5 a jere ba a amfani da shi, wani na iya neman a soke shi.

Yadda haƙƙi ke zama kuɗi

Mai haƙƙi na iya sayar da shi baki ɗaya, ko ya ba da lasisi wani ya yi amfani da shi yana biyan kaso. Lasisi ya fi amfani ga wanda ba shi da jarin faɗaɗawa, amma fa sai an fayyace yanki, wa'adi, adadin kaso da ingancin da dole a kiyaye. Mai lasisin da ya cika kasuwa da kaya marasa kyau, sunan mai tambarin yake ɓatawa. Mawaƙa kan karɓi kasonsu ta hannun ƙungiyoyin tattara haƙƙi irin su MCSN, masu fim kuma ta AVRS. Dokar jinginar da kadarori masu motsi ta 2017, da kundin jingina na ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Bankin Nijeriya, sun buɗe hanyar karɓar rance da dukiyar da ba fili ko gida ba. A aikace bankuna sun fi sakin jiki da takardar fili, domin ƙiyasta kuɗin suna abu ne mai wuya. Abin da ke sa a yarda da ƙimar tambari shi ne lissafin ciniki na shekaru da takardun rajista da ba su ƙare ba.

Sunan wuri: Mambila da maƙwabtanta

Nan ne batun ya fi shafar Taraba. Wasu kayan darajarsu daga ƙasar da suka fito take, kamar shayi da kofi na tsaunin Mambila, inda tsayin wurin da sanyinsa suka bambanta da sauran sassan Nijeriya. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya ma tana da reshe a Kusuku saboda waɗannan amfanin gona. Dokar tambari ba ta barin mutum guda ya mallake sunan wuri cikin sauƙi, kuma daidai ne, domin sunan na duk manoman yankin ne. Abin da ƙasashe da dama suka yi shi ne kafa tsarin alamar asalin wuri, wadda duk wanda ya noma a yankin bisa ƙa'idojin da aka amince da su zai iya amfani da ita, na waje kuma ba zai iya ba.

Indiya ta yi wa shayin Darjeeling irin wannan rajista, shi ne ma na farko a kundinta, Tarayyar Turai kuma ta amince da shi a 2011. Habasha ta bi hanyar tambari ta kare sunayen kofinta, Sidamo, Harar da Yirgacheffe, bayan taƙaddama da kamfanin Starbucks da ta ƙare da yarjejeniya a 2007. Kusa da gida, hukumar OAPI mai hedkwata a Yawunde ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku rajista a 2013. Oku tana arewa maso yammacin Kamaru, a jerin tsaunukan da suka haɗa da Mambila. A Jamhuriyar Nijar, kilishi da albasar Galmi sun samu tasu a 2021.

Tsofaffin dokokin Nijeriya ba su ware babi na musamman ga alamar asalin wuri ba. Hanyar da dokar 1965 ta tanada ita ce tambarin tabbatar da inganci, wanda wata ƙungiya ko hukuma da ba ta cinikin kayan da kanta ke riƙewa, ta rubuta ƙa'idoji, ta ba duk wanda ya cika su izinin sa tambarin. Wahalar ba a takardu take ba. Sai manoma da masu sarrafawa sun yarda a kan iyakar yankin, irin ganyen da za a tsinka, yadda za a busar da shi, da wanda zai duba ya hukunta mai ha'inci ko da ɗan gari ne.

Kariya tana tsayawa a kan iyaka

Rajistar Abuja a cikin Nijeriya kaɗai take aiki. Taraba na da doguwar iyaka da Kamaru, kuma kaya na ƙetarawa ta yankin Gembu. Nijeriya ba mamba ba ce a OAPI, ba ta kuma cikin tsarin Madrid na rajistar tambari a ƙasashe da yawa lokaci guda. Don haka ɗan kasuwar Jalingo da ke son kare tambarinsa a Kamaru, Nijar ko Cadi sai ya shigar da takardu daban a Yawunde, ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi. Rajista guda a can tana aiki a ƙasashe 17 na ƙungiyar, na tsawon shekara 10 da za a iya sabuntawa.