Lambobin Injinan South Bend da Tarihinsu

Injin fere ƙarfe shi ne wanda ke juya ƙarfe da sauri, wuƙa tana cin jikinsa har ya fito da siffar da ake so. Cikin tsofaffin irin waɗannan injina, na kamfanin South Bend sun fi yawancinsu sauƙin gane shekaru, domin kamfanin bai yi wasa da rubuta lamba da adana ta ba.

Tagwaye biyu, John da Miles O'Brien, su suka kafa kamfanin a 1906 a garin South Bend na jihar Indiyana, a Amurka. Kowane inji ana buga masa lamba a kan gadonsa, wato dogon ƙarfen da sauran sassansa ke zaune a kai, can ƙarshen hannun dama. Sau da yawa sai an kankare tsatsa da busasshen mai kafin ta bayyana.

Daga 1910 zuwa Maris 1947 lambobin a jere suke tafiya, ba ruwansu da girman inji. Sun faro daga 700, suka haura 186,000. Daga nan aka sauya tsari: kowane girma ya samu nasa jerin, aka kuma ƙara haruffa bayan lambar. Harafin farko na nuna girman inji, wato faɗin ƙarfen da zai iya juyawa: N inci 9 ne, T inci 13, H kuma inci 16. Sauran haruffan na bayyana tsarin giyarsa da irin sandar da ke juya aikin. Ke nan inji mai lamba zalla ya girmi wannan sauyi.

Kamfanin ya riƙa buɗe wa inji kati mai ɗauke da ranar da aka aika shi da sunan wanda ya saya. Katunan ba su ɓace ba. Bayan mai kamfanin Grizzly, Shiraz Balolia, ya sayi sunan South Bend a 2009, masu tsofaffin injina sun ci gaba da neman kwafin katinsu.

Sai dai lambar shekarun gado kawai take faɗa. Injin da ya shekara saba'in yana aiki ya ratsa hannuwa da yawa, kuma ba wuya a tarar an ɗaura masa kai ko akwatin giya na wani. Shi ya sa masu gyara ke haɗa lambar da wasu shaidu. Ƙaramin injin inci 9 ya kasu gida uku a 1939: samfurin A mai akwatin giya, da B da C waɗanda ake sauya musu giya da hannu. Na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, da yawa suna ɗauke da ɗan allon hukumar kula da ƙere-ƙeren yaƙi ta Amurka.

Akwai kuma masu kama da shi. Boxford a Ingila da Hercus a Ostareliya sun ƙera injina bisa fasalin inci 9 ɗin, amma kowannensu da nasa tsarin lamba, na South Bend ba ya aiki a kansu.