Kamarar jiki da ta salula: garkuwa ko tarko ga mutanen Sanam da Kurfai?

Kamarar jiki wata ƴar ƙaramar na'ura ce mai ɗaukar bidiyo da murya, wadda ake maƙalawa a ƙirjin riga, a kafaɗa, a hular kwano ko a jikin tabarau. Faransawa na kiranta caméra-piéton. Ƴan sanda da sojoji ne suka fi amfani da ita, amma yanzu farar hula ma na sayenta don kare kai. A ƙasar Kurfai, daga Filinge har zuwa Sanam, kamarar da jama'a suka fi sani ita ce ta wayar salula, wadda ke aljihun ɗan kasuwa da direba da makiyayi. Na'urorin biyu suna tayar da tambayoyi iri ɗaya: wa ya ɗauki hoton, wa ya fito a ciki, kuma a hannun wa zai ƙare?

Yadda take aiki

Kamarar da ƴan sanda ke ɗaurawa ba ta adana komai sai an danna mata. Da yawa daga cikinsu suna riƙe daƙiƙa 30 na abin da ya faru kafin a danna, don a ga mafarin rikici. Bayan an tashi daga aiki, jami'in yakan mayar da ita ofis, a kwashe hoton zuwa ma'ajiyar da ba shi da ikon gogewa ko gyarawa. Wannan ma'ajiya ita ce ƙashin bayan tsarin. Idan wanda ake zargi shi ne ke riƙe da hoton, hoton ya tashi daga shaida.

A Faransa, dokar 3 ga Yuni 2016 ce ta kafa ƙa'idar amfani da ita. Dole a ɗaura ta a bayyane, ta nuna alama idan tana ɗauka, kuma a sanar da wanda ake ɗauka in hali ya bari. Da farko ana ajiye hoton wata shida kafin a goge, a 2022 aka rage zuwa wata ɗaya, sai dai in kotu ko masu bincike na bukatarsa.

Abin da gwaji ya nuna

Ƴan sandan Ingila na cikin waɗanda suka fara gwada ta, wajajen 2005. A garin Rialto na Amurka, gwajin da aka yi tsakanin 2012 da 2013 ya nuna cewa ƙorafin jama'a a kan ƴan sanda ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, amfani da ƙarfi kuma ya ragu da fiye da rabi. Bayan kisan Michael Brown a Ferguson a 2014, birane da dama suka rungume ta. Sai dai wani bincike mafi girma da aka fitar a 2017 a birnin Washington, wanda ya shafi jami'ai fiye da 2,000, bai ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin masu kamara da marasa ita.

Shari'ar da ta fi yin amo a duniya kuwa, salula ce ta buɗe ta. A ranar 25 ga Mayu 2020, wata yarinya ƴar shekara 17 ta ɗauki bidiyon mutuwar George Floyd a ƙarƙashin gwiwar ɗan sanda a Minneapolis. Ƴan sandan da ke wurin suna ɗauke da kamarar jiki, amma sanarwar farko ta hukumarsu ba ta ambaci gwiwar ba. Bidiyon yarinyar ne ya tona, aka yanke wa jami'in ɗaurin shekara 22 da rabi. A maƙwabciya Najeriya ma, wani bidiyon salula ne ya kunna zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020.

Bidiyo uku da Nijar ta gani

Na farko a Yamai ne. Lokacin zanga-zangar ɗalibai ta 10 ga Afrilu 2017, wani bidiyo ya bazu a WhatsApp da Facebook, yana nuna ƴan sanda suna jibgar wani ɗalibi da kulake a bayan motarsu. An gane fuskokinsu, aka kama uku, kuma a watan Agustan shekarar kotu ta ɗaure su shekara guda. A nan gani ya kori ji.

Na biyu a Tongo Tongo ne, cikin gundumar Walam. A ranar 4 ga Oktoba 2017 ƴan bindiga masu alaƙa da ƙungiyar IS suka yi kwanton ɓauna, suka kashe sojojin Amurka huɗu da wasu sojojin Nijar. Akwai kamara a hular kwanon ɗaya daga cikin Amurkawan, ta kuma faɗa hannun maharan. A watan Maris 2018 hoton ya fito a intanet, an haɗa shi cikin bidiyon farfaganda. Na'urar da aka ɗaura don amfanin soja ta zama makamin abokin gabarsa, iyalan mamatan kuma ba su da yadda za su tsayar da yaɗuwarsa.

Na uku a Tera ne. A ranar 27 ga Nuwamba 2021 masu zanga-zanga suka tare ayarin sojojin Faransa da ke kan hanyar Gao, mutum uku suka rasu. Hotunan salula sun yawata ko'ina, an ga hayaƙi da gudu da waɗanda suka ji rauni. Duk da haka, binciken da aka bayyana a watan Mayu 2022 bai tantance wanda ya yi harbin ba, sai Nijar da Faransa suka amince su biya iyalan diyya. Kamara tana ganin gabanta ne kawai. Abin da ke bayanta, da abin da ya faru kafin a kunna ta, sai shaidu da bincike.

Halin da Sanam ke ciki

Sanam ƙaramar hukuma ce ta karkara a jihar Tilaberi. A da tana ƙarƙashin Filinge, yanzu tana cikin gundumar Abala, wadda ke cikin yankunan da aka sanya wa dokar ta-ɓaci tun watan Maris 2017. Dokar ta bai wa jami'an tsaro ikon binciken gidaje dare da rana. A ranar 25 ga Disamba 2019, a kusa da Sanam, aka kai hari kan ayarin da ke raka ma'aikatan rajistar masu zaɓe, aka kashe jandarma bakwai da dakarun Garde Nationale bakwai. A farkon 2020 kuma aka hana hawan babura a jihar.

A irin wannan wuri, ɗaga salula ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya ɗauki hoton shingen bincike ko ayarin soja, ko da don ya kare kansa daga mai neman na goro, ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. A ɗaya ɓangaren, ƴan bindiga a jihar Tilaberi sun sha kashe masu gari da talakawa bisa zargin kai rahoto ga hukuma. Fuskar mutumin da aka gani a bidiyo yana gaisawa da jandarma a kasuwa, ko sakon muryar da aka samu a wayar matafiyi da aka tare a hanya, na iya jawo masa abin da bai taɓa zato ba. Ƙarancin rezo ba ya hana yaɗuwa, domin hotuna na tafiya daga waya zuwa waya da katin memwar, a wajen masu caji da tashar mota.

Abin da doka ta ce

Dokoki biyu ne suka fi shafar wannan batu. Ta farko ita ce dokar kare bayanan mutum, mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017, wadda doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 ta maye gurbinta. Hukumar HAPDP ce ke sa ido a kanta. Duk abin da za a iya gane mutum da shi, har da fuskarsa da muryarsa, yana cikin bayanan da take karewa, kuma asalin ƙa'ida shi ne a nemi yardar mai shi.

Ta biyu ita ce dokar laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma dokar 7 ga Yuni 2024 ta dawo da shi. Ta kuma tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 na sefa ga wanda ya yaɗa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a ko ya zubar da mutuncin ɗan Adam, ko da abin gaskiya ne. Ma'ana, ɗaukar bidiyo daban, yaɗa shi daban. Wanda ya tura wa rukunin WhatsApp abin da wani ya ɗauka ma bai tsira ba. Ƙungiyoyin ƴan jarida sun soki wannan tanadi, suna cewa zai tsoratar da masu fallasa zalunci.

Rufin asiri

Tun kafin a rubuta waɗannan dokoki, Bahaushe yana da nasa. Baƙo yana tsayawa a zaure, ba a shiga gida sai da sallama, ba a kuma leƙa matan aure. Kamarar jiki ba ta san zaure ba. Jami'in da ya shiga binciken gida da ita zai ɗauki mata da yara da maras lafiya a kwance, waɗanda ba ruwansu da abin da ake nema. Sababbin na'urori sun ƙara tsananta lamarin. Tabarau masu kamara irin na Ray-Ban da kamfanin Meta, waɗanda suka shiga kasuwa a 2021, ba su da wata alama sai ɗan haske a gefe. A 2024 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Harvard suka nuna cewa ana iya haɗa su da manhajar gane fuska, a gano sunan mutumin da aka wuce a titi.

Abin lura ga mai ɗauka

Masu kare haƙƙin ɗan Adam da ke aiki da shaidar bidiyo sun daɗe suna nanata wasu ƙa'idoji. Rai ya fi hoto, saboda haka in ɗauka za ta jefa mutum cikin haɗari, gara ya riƙe rana da wuri da lambar mota a kansa, ya rubuta daga baya. In an ɗauka, kada a yanke ko a ƙara masa waƙa ko rubutu, domin kotu asalin hoton take nema, da kwanan watansa. A kwafe shi zuwa wani wuri da ba wayar da ake yawo da ita ba. A kai shi ga lauya, ko mai shigar da ƙara na gwamnati, ko ƙungiyar kare haƙƙi da aka yarda da ita, kafin a yi tunanin Facebook. In har za a fitar, a rufe fuskokin waɗanda aka zalunta da na ƴan kallo. Hoto kamar magana yake, zarar bunu ne.

Ga hukuma kuwa, gwajin Rialto da na Washington sun nuna cewa sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Ranar da jandarma ko ɗan sanda zai zo Filinge ko Sanam da kamara a ƙirji, abin da jama'a za su so su sani shi ne lokacin da dole ya kunna ta, hukuncin da ke kansa in ya kashe ta, wanda ke riƙe da ma'ajiyar, da ko talakan da aka ɗauka zai iya neman a nuna wa alƙali hoton.