Kuɗin makaranta da alawus ɗin dapite: yadda yarda ta zube a Nijar

A kasuwannin Damargu, daga Tanut zuwa Balbeji, ba bakon abu ba ne ka ji ana cewa 'yan siyasa duk kanwar ja ce. Wannan magana tana da tarihi, kuma wani babban ɓangarensa ya shafi malamai da iyayen yara kai tsaye.

Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, jama'a suka sa rai cewa wanda suka zaɓa zai tsare musu dukiya. A 2006 sai bincike ya bankaɗo almundahana a ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci, abin da aka sani da badaƙalar MEBA. Kuɗin da ake magana na shirin raya ilimi ne na shekara goma, wanda ƙasashe masu ba da tallafi suka zuba wa hannu. An sauke ministoci biyu, aka tsare su bisa zargi. Duk uban da ɗansa ke karatu a ajin zana, duk malamin kwantaragi da ke jiran albashi, ya san aljihun wa aka taɓa.

A nan majalisa ta nuna tana da haƙora. Ranar 31 ga Mayu 2007, dapite 62 cikin 113 suka kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna, gwamnatin Hama Amadu ta faɗi. Sai dai murnar ba ta daɗe ba. A 2008 'yan majalisar suka amince da dokar alawus da alfarmar da za su riƙa samu da kansu. Ƙungiyoyin farar hula suka fito zanga-zanga, kotun tsarin mulki kuma ta ce dokar ta saɓa wa kundin ƙasa. Talaka ya ga mai gadin rumbu yana auna wa kansa hatsi. Da Shugaba Tanja Mamadu ya rusa majalisar a watan Mayu 2009 don share wa tazarce hanya, ya tarar da majalisar da ta riga ta rage wa kanta daraja.

Bayan juyin mulkin 2010 an yi ƙoƙarin gyara. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya wajabta wa shugaban ƙasa da ministoci bayyana dukiyarsu, ya kuma tanadi cewa dapiten da ya fice daga jam'iyyarsa ya bar kujera ga mataimakinsa. A 2011 aka kafa hukumar HALCIA mai yaƙi da cin hanci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojoji suka kafa COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa.

Dokoki da hukumomi dai ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne idon jama'a a kan lissafi, tun kafin ɓarna ta auku. Wannan tarbiyya kuwa daga ƙasa take farawa. Kwamitin COGES na makarantar ƙauye a Tarka, idan yana karanta wa iyaye abin da ya shigo da abin da aka kashe, a fili, kowane zangon karatu, to yara na kallo suna koyo. Yaron da ya saba jin ana tambayar ma'aji ina rasit, gobe ba zai ji nauyin tambayar wakilinsa ba.