Ƴan kwana-kwana da ƙarancin kuɗi: yadda lamarin yake a Maradi, Tibiri da Jiratawa

A Nijar, ƴan kwana-kwana sojoji ne. Rundunarsu, wadda ake kira Groupement national des sapeurs-pompiers a faransance, reshe ce ta sojojin ƙasa, amma aikinta na yau da kullum yana tafiya ne tare da hukumar kare fararen hula ta ma'aikatar cikin gida. Lambar kiransu 18. Gobara dai ita ce aka fi sanin su da ita, sai dai su ne kuma ake kira idan mota ta yi hatsari, ko wani ya faɗa rijiya, ko ruwa ya ci gida. Wannan tsari na soja an gaje shi ne daga Faransa, inda har yau sojoji ke kashe gobara a Paris da Marseille.

Sanin haka yana da amfani ga mai son fahimtar abin da ƙarancin kuɗi ke yi wa aikin. A ƙasashen da ƴan kwana-kwana ma'aikatan birni ne, idan aljihu ya tsuke sai a rage mutane a fili. A Landan, cikin Janairun 2014, lokacin da Boris Johnson ke magajin gari, an rufe tashoshi 10, an janye motoci 14, an soke guraben aiki 552, don a tsimi kusan fam miliyan 29. Wasu gundumomin birnin sun kai ƙara kotu, ba su yi nasara ba. Mahawarar kuwa kacokan a kan mintoci aka yi ta, domin ƙa'idar Landan ita ce motar farko ta isa wurin gobara cikin minti 6 a matsakaici.

Soja ba magajin gari ke ɗaukar sa aiki ba, ba kuma shi ke sallamar sa ba. Don haka a nan matsin yana bi ta wasu ƙofofi: gazuwal, tayoyi, kayan gyara, tiyo, da yawan sababbin da ake horarwa. Motar da ta kwana uku a gareji tana jiran ƙarfe ɗaya daidai take da rufe tasha, ko da ba wanda ya sa hannu a takardar rufewa.

Matsin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, masu ba da tallafi da dama suka dakatar da kuɗinsu. A watan Oktoba gwamnati ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin ɗari, daga sefa miliyar 3.291 zuwa miliyar 1.981. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. A Afrilun wannan shekara kuma Janar Abdourahamane Tiani ya rusa majalisun jihohi da na birane da ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Wannan ya shafi gobara ta gefe: tsara kasuwa, buɗe lungu yadda mota za ta shiga, da hana gini a kan hanyar ruwa, duk ayyuka ne da ke wuyan hukumar gari.

Taswirar yankin ma tana ƙara nauyi. Birnin Maradi gundumomi uku ne. Tibirin Gobir tana cikin Gidan Rumji, Jiratawa kuma cikin Madarunfa, amma kowaccensu kusan kilomita 10 ce ko ɗan fiye daga Maradi, wato sun fi kusa da birnin a kan hedikwatar da ke mulkin su. Motar da ta taso daga Maradi zuwa Jiratawa sai ta keta cunkoson gari da ƴan kabu-kabu tukuna, ga ta da nauyin ruwa. Ruwan ma ƙidayayye ne: tanki mai lita 3.000, idan tiyo na fitar da lita 500 a minti, cikin minti 6 ya ƙare. Inda babu famfon da aka tanada don gobara, dole motar ta juya neman ruwa wuta na ci. Jiratawa tana da fadamar noman rani a bakin Gulbin Maradi, amma ruwan lambu bai kashe wutar da ta kama rumbu a tsakiyar gari sai da injin ja da mutanen da suka iya shi.

Akwai kuma gobarar da ko tasha na bakin ƙofa da wuya a cim mata. Ranar 8 ga Nuwamban 2021, wuta ta cinye azuzuwan zana a makarantar AFN ta Maradi, yara aƙalla 26 suka rasu, galibinsu ƴan shekara 5 zuwa 6. Watanni bakwai kafin nan, irin wannan ta kashe yara kimanin 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Busasshen kara da iskar hunturu ba su jiran kowa. Bayan ta Maradi gwamnati ta hana azuzuwan zana ga ƙananan yara na share fagen shiga firamare. Wannan mataki na rigakafi ne, kuma rigakafi, wato zagayen duba kasuwanni da makarantu da wuraren sayar da mai, shi ne aikin da ake fara jingine wa a ko'ina idan ma'aikata sun yi ƙaranci, tunda babu mai buga 18 don ya nema.

Damina tana zuwa da nata. A ƙarshen Agustan 2024, ruwan sama na kusan milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi ya kashe mutum 15 a Maradi, a shekarar da jahar ta kasance cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna. Mutanen da ke kashe wutar hunturu su ne dai ke tono masu rai daga ƙarƙashin katangar laka.

Faransa ta toshe giɓin ƙauyuka da ƴan sa-kai: kusan huɗu cikin kowane biyar na ƴan kwana-kwananta manoma ne da malamai da ƴan kasuwa da ke amsa kira idan ya taso. Tsarin ya fi albashin dindindin arha, sai dai ba kyauta ba ne. Sai an horar da su, an ba su kaya, an kuma ajiye musu mota mai lafiya a garinsu.