Ƙwayar cutar da ke kai wa ƙwaƙwalwa hari shekaru bayan tiyatar zuciya

Mycobacterium chimaera ƙwayar cuta ce dangin wadda ke haddasa tarin fuka. Mazauninta ruwa ne da ƙasa, kuma ba kasafai take cutar da mai ƙoshin lafiya ba. A 2004 masana suka ware ta da wannan suna. Ba ta ja hankalin duniya ba sai da likitoci a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan suka same ta a jikin mutanen da aka yi wa tiyatar zuciya. Rahotonsu na farko ya fito a 2013, a 2015 kuma suka bayyana mutum shida da suka kamu, tare da hanyar da ƙwayar ta bi.

Idan za a buɗe zuciya, akan tsayar da bugunta, a karkatar da jini zuwa na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu. A gefenta akwai wata na'urar mai tankin ruwa, wadda ke ɗumama jinin ko sanyaya shi. Ruwan tankin ba ya haɗuwa da jini, shi ya sa aka daɗe ba a zarge shi ba. Ashe ƙwayar na hayayyafa a cikin tankin, fankar na'urar ta watsa ta cikin iskar ɗakin, ta sauka a buɗaɗɗen ƙirji, ta manne a jikin bawul ko jijiyar roba da aka dasa.

Bincike ya kai ga samfurin na'ura guda, Stöckert 3T, da ake ƙerawa a yankin Munich na Jamus. An samu ƙwayar a masana'antar a 2014, sannan nazarin ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa akasarin waɗanda suka kamu a ƙasashe daban-daban daga tushe ɗaya suka ɗauko ta. A watan Oktoban 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi gargaɗi, ta ƙiyasta cewa a asibitin da aka taɓa samun cutar, haɗarin yana tsakanin mutum ɗaya cikin 100 zuwa ɗaya cikin 1,000.

Muguntar cutar ita ce jinkirinta. Mutum ya warke, ya koma kasuwa ko ofis, sai bayan watanni, wani lokaci fiye da shekara biyar, zazzaɓi ya fara, da gumin dare, da rama, da kasala. Kafin nan ƙwayar ta bi jini ta shiga hanta, saifa, ƙoda, ɓargo ko idanu. A 'yan kaɗan daga cikin marasa lafiyan takan kai ƙwaƙwalwa, ta haddasa kumburi da ƙananan ƙulle-ƙulle, sai a ga ruɗewa, mantuwa ko sauyin hali. An sha ɗaukarta a matsayin wata cutar kumburi daban, a ba da magungunan da ke danne garkuwar jiki, abin ya ƙara ta'azzara. Duba bayan ido yana taimakawa, domin tabon da take bari a can yakan nuna cewa ta bazu a jiki.

A nan ne masu fita waje neman tiyatar zuciya ya kamata su yi hattara. Waɗannan alamomi, a asibitocinmu, tarin fuka za su fara kawo wa likita a rai, alhali gwajin GeneXpert da aka dogara da shi ba ya gano wannan ƙwaya. Sai an rene ta a ɗakin gwaje-gwaje na musamman, aikin da kan ci makonni shida zuwa takwas. Likita ba zai nemi wannan gwaji ba in ba a gaya masa an taɓa buɗe ƙirjin ba, kuma mutane da yawa ba sa tuna ambaton tiyatar da ta wuce shekara uku.

Maganin yana da wahala. Akan haɗa magunguna uku ko huɗu, irin su clarithromycin, rifabutin, ethambutol da amikacin, na tsawon shekara ko fiye, kuma sau da yawa sai an sake tiyata an cire abin da aka dasa. Duk da haka, kusan rabin waɗanda aka ba da rahoton kamuwarsu a shekarun farko sun rasu. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Tun bayan gano ta, asibitoci da dama sun fitar da na'urar daga ɗakin tiyata, wasu kuma aka gyara musu ita ta yadda tururin tankin ba zai fita ba.