Dillaliya a Cikin Waya: Yadda Mutanen Khartum da Omdurman ke Karɓar Tallar Intanet

Duk wanda zai yi nazarin yadda mazauna Khartum da Omdurman ke kallon tallar da ake yi musu a intanet, dole ne ya fara daga shekarar 1997, lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin tattalin arziki wanda ba a janye ba sai a watan Oktoba na 2017. A cikin waɗannan shekaru ashirin ne intanet ya shiga gidajen mutane ta layukan Zain da MTN da Sudani, alhali katunan biyan kuɗi irin su Visa da Mastercard ba sa aiki a ƙasar, don haka ɗan kasuwar Suk Libiya ta Omdurman ba shi da hanyar biyan Facebook ko Google su ɗora hajarsa a gaban jama'a, sai dai ya nemi ɗan uwa da ke Jidda ko Dubai ya biya masa. Tallar biya, wato wadda kamfani ke sayen gurbi don na'ura ta zaɓo masa masu kallo gwargwadon shekarunsu da abin da suka saba nema, ba ta kafu a can ba yadda ta kafu a Alƙahira ko Legas. Wannan giɓi wata tsohuwar sana'a ce ta cike shi, kuma ita ta tsara yadda mutane ke amsa talla har yau.

Sana'ar ita ce dillanci na mata. Larabcin Sudan na kiran mai yin ta dallaliyya, wadda ita ce dillaliyar da Bahaushe ya sani: macen da ke shiga gida gida da ƙunshin tob, wato lafayar da matan Sudan ke yafawa, da humra da dilka da turaren wuta, tana bayar da kaya bashi a biya kaɗan-kaɗan, domin ta san maigidan, ta san ranar ɗaukar adashi, ta san bikin da ke tafe. Jarinta na gaskiya shi ne sanayya, kuma idan ta sayar da jabu sau ɗaya unguwa ta rufe mata ƙofa. Da zaurukan mata na Facebook da WhatsApp suka yawaita, wannan dillaliya ce ta koma cikin waya. Za a ga hoton tob an shimfiɗa shi a kan gado, hasken tsakar gida na dukan zarensa, kuma tambayar da ke biyo baya a ƙarƙashin hoton ba kasafai take zuwa ga mai kaya ba. Sauran matan zauren ake tambaya ko akwai wadda ta taɓa saye a wurinta, ko launin ya zuba bayan wanki. Mai kallo ba ya ɗaukar hoton a matsayin hujja, shaida yake nema daga bakin wanda ya sani. Haka ma mai agashe, naman da ake turbuɗawa a ƙuli a gasa wanda Hausawan Sudan suka yaɗa har sunansa ya zauna a Larabcin ƙasar, cinikinsa ya fi tashi idan wani ya ci ya faɗa a zaure fiye da idan shi ya yabi kansa.

Abin da ya fi ɓata wa masu saye rai shi ne ɗabi'ar ɓoye farashi, inda mai talla ke rubuta cewa kuɗin kaya sai a saƙon sirri. Mutane da yawa na ɗaukar haka a matsayin dabarar duba tufafin mai saye kafin a yanka masa kuɗi, kuma zargin yana da tushe, amma akwai wani dalilin da ya kamata a yi wa adalci: a watan Fabrairu na 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala guda, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 300 cikin ɗari a wannan shekara, ta yadda farashin da aka rubuta ranar Asabar kan zama asara kafin Laraba.

Sai dai tsarin da ya dogara ga shaida yana da rauni babba, kuma a nan ne kwatanci da Japan ke da amfani. A can, ƙorafin masu amfani da intanet kan tallar ɓoye, wato a biya mutum ya yabi kaya kamar ra'ayinsa ne na kansa, ya kai ga hukuma ta haramta ta daga ranar 1 ga Oktoba na 2023. A Khartum kuwa, inda yabon ƙawa ya fi tambarin kamfani nauyi, shaidar da aka saya ta fi kowace ƙarya cutarwa, domin tana shigowa ta ƙofar da mutane suka bari a buɗe. Misalin da ya fi tayar da hankali shi ne man canza launin fata da ake haɗawa a sayar a ƙananan robobi marasa suna, wanda ake kira gadar zurufak, ma'ana daidai ƙarfinka. Yarinyar da za ta yi shakkar allon talla a bakin titi ba ta yin shakkar hoton fuskar da aka ce ta 'yar unguwarsu ce, kuma fatarta da ƙodarta ne ke biyan kuɗin wannan yarda.

Rikicin siyasa ya ƙara ɗaure talla da amana. Katse intanet da aka yi daga 3 ga Yuni na 2019 har fiye da wata guda, da wanda ya biyo juyin mulkin 25 ga Oktoba na 2021, sun nuna wa ƙananan 'yan kasuwa cewa shagon da ke cikin waya ana iya rufe shi dare ɗaya. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu na 2023, bankuna suka rufe, manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta zama aljihun mutane, tallar tob da turare kuma ta ja baya, aka koma cigiyar maganin ciwon suga da kujerar mota zuwa birnin Madani ko iyakar Masar. A lokacin ne hoton shaidar tura kuɗi, wanda suke kira ish'ar, ya zama abin da 'yan damfara ke ƙirƙira, har mai kaya ya daina sakin kayansa sai ya ga kuɗin a asusunsa. Mai saye ma ya ƙara wata tambaya da da can ba ya yi, saboda kasuwannin kayan wawaso da jama'a suka laƙaba wa sunan Dagalo, jagoran ɗaya daga cikin ɓangarorin yaƙin: idan aka tallata firji ko talabijin da araha, kafin ya taya sai ya nemi sanin gidan da aka fito da shi.