Shekarun da Yendi Ta Yi Ba Damba

Ina yaro a Zangon Yendi, da Damba nake lissafin shekara. Watan Maulidi na kamawa, makaɗan Dagomba, lunsi, za su fara ɗaure kalangai. Ranar Na Damba kuwa mukan kutsa ƙofar fadar Gbewaa mu ga hakimai na juyi, rigunansu na saƙi suna buɗewa kamar laima. Mu 'yan Zango 'yan kallo ne, amma kakata a makon nan take sayar da waina ta wata guda.

Sai ga Maris na 2002. Tsohuwar gaba ce tsakanin gidan Abudu da gidan Andani, zuriyar kaka ɗaya, kan gadon sarauta. Gardamar wanda zai jagoranci bikin wuta na Bugum ta tayar da ita. Ranar 27 ga watan aka kashe Ya Na Yakubu Andani II tare da mutane da dama, aka ƙona fada. Sai 2006 aka binne shi.

Ba sarki a kan fata, wa za a kaɗa wa? Tamale ta ci gaba da Dambarta, Yendi ta yi tsit shekara 17. A ganina wannan shirun ya fi dokar hana fita ciwo.

Sulhun kwamitin sarakuna ƙarƙashin Asantehene Osei Tutu II ya kai ga naɗin Ya Na Abukari II a Janairun 2019, aka yi Damba a Nuwamba. Na je da ɗana, wanda bai taɓa gani ba. Kakata ba ta kai ba.